Aikin da Ke Jiran Ɗaliban Shari'a a Unguwanninmu na Gadarif

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibai da yawa na Jami'ar Khartum da Jami'ar Nilain suka koma gaban iyayensu a Gadarif da Kasala, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan Hausawa masu karatun shari'a. A ganina akwai aikin da ya dace da su wanda ba ya buƙatar lasisin lauya, wato su bayyana wa jama'a da Hausa abin da doka ta tanada tun daga sa'ar da aka kama mutum.

A kwanakin farko bayan kamu ne mutanenmu suka fi cutuwa. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1991 ta ba 'yan sanda sa'o'i 24 su tsare wanda ake tuhuma domin bincike, wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, yana iya ƙarawa har kwana 3, daga nan kuwa sai da izinin alƙali. Amma tsohuwar da ke zaune a ƙofar hirasa, wato ɗakin tsare mutane na 'yan sanda, da kwanon tuwo a ɗaure cikin mayafi ba ta san wannan lissafi ba, ba ta san wanda za ta nema a kan maganar beli ba, sau da yawa ma Larabcin ofis ya fi ƙarfinta, sai ta miƙa kuɗinta ga duk wanda ya ce ya san hanya.

Maganar cak ta fi damuna. Manomin riɗi yakan karɓi bashin iri da man tarakta a wurin ɗan kasuwa, ya sa hannu a cak ɗin da ba a rubuta adadi ba, yana ganin amana ce tsakanin Musulmi. Idan damina ta gaza, banki ya mayar da cak ɗin, sai sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya hau kansa, kuma mutum yana iya daɗewa a kurkuku har sai ya biya. Da a ce wani ɗalibi ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce masa, "Baba, kada ka sa hannu sai an rubuta adadi da kwanan wata a gabanka," da wata gonar ba ta salwanta ba.

Gyaran doka yana yiwuwa a Sudan, mun kuwa gani. A Nuwamban 2019 aka soke dokar tsarin jama'a da ta daɗe tana gallaza wa mata masu sayar da shayi, a Yulin 2020 kuma aka mayar da kaciyar mata laifi mai hukuncin ɗauri har shekara 3. Masu neman irin wannan gyara suna buƙatar hujja, kuma ɗalibin da ke rubuta abin da ya gani a kotu, ba tare da sunayen mutane ba, kamar kwanakin da aka tsare mutum da ko an kawo masa tafinta, yana tara hujjar da ba ta cikin littattafan aji.

Sai dai wanda bai ci jarrabawar mu'adala ba, wato jarrabawar shiga aikin lauya, ba lauya ba ne. Kada ya karɓi ko fam ɗaya, kada ya yi wa kowa alkawarin saki, kuma da zarar magana ta kai gaban alƙali ya haɗa iyalin da lauya mai rajista.