Fulat ɗina na duba, na manta da benen

Ku ƙannena masu tara kuɗi don sayen fulat a bene, bari in ba ku labarin wautar da na tafka. Ranar da dillali ya kai ni da rana tsaka ne, rani ne kuma, sabon fenti sai ƙamshi yake, tayil na ƙyalli, na murɗa famfon kicin ruwa ya zo, na kunna fitila ta kama, shikenan na ce ya yi min. Ko minti 20 ban cika a ciki ba wallahi.

Hawa na ƙarshe na ɗauka wai don kada a dinga taka min kai. Ashe tankin ruwan yana saman rufina ne, kuma ƙarfin ruwa daga tsayi yake zuwa, tazarar mita 10 ce ke ba da kusan bar 1 a ma'aunin ƙarfin ruwa, ni kuwa tsakanina da tankin bai fi mita 3 ba, na ƙasa suna wanka da shawa ni ina tarar ruwa a bokiti. Da na buɗe shawa da famfon kicin lokaci guda a ranar, da na gane.

Wannan ma mai sauƙi ne. Damina na sauka fentin silin ɗin ɗakin kwana ya fara kumbura yana ɓarewa, tsohon tabon lema ya fito ƙuru-ƙuru, ga warin danshi a cikin kaya. Rufin na kowa ne a takarda, amma ni kaɗai yake yi wa yoyo, to wa zai ciro kuɗinsa? A taron masu gidajen ne na ji cewa mutum uku sun daɗe ba sa biyan kuɗin kula da gini, asusun babu ko sisi, kuma wanda ya sayar min shi ma ya bar bashi. Mai gadi ya san duk wannan, kullum yana zaune a bakin get, gaisuwa kawai na yi masa na wuce.

Don Allah in kun je ku hau har kan rufin da ƙafarku, ku ga inda ruwa ke kwanciya. Ku sheƙa bokitin ruwa a banɗaki ku ga ko yana bin magudana ko ƙofa yake nufa, ku ƙwanƙwasa tayil da makulli, in ya yi ƙarar fanko bai kama ba. Ku nemi rasit na kuɗin kula da gini, a rubuce, ba da baki ba. Sannan ku koma da daddare ba tare da dillali ba, lokacin da kowa ya dawo, ku ji abin da bango ke shigowa da shi. Ni dai har tarin maƙwabcina ina ji, bokitin tarar yoyon rufi kuma yana nan a gefen gado.