Uwa, uba da ɗa: bin sawun gado a Gombe

Lissafi ne rabona a aikin. Ana kawo yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani wani asibiti a Gombe, a ɗebi jininsu da na iyayensu, ni kuma in duba ko wani nau'in ƙwayar gado na da hannu a tsananin ciwon.

Yadda aka saba, marasa lafiya ake kwatantawa da masu lafiya. A Gombe hakan tarko ne. A layi ɗaya ga Bafulatani, ga Bahaushe, ga mutanen Tangale da Tera, kuma yawan kowane nau'in ƙwayar gado ya sha bamban tsakanin ƙabilu. Tun 1996 bincike a Burkina Faso ya nuna Fulani sun fi maƙwabtansu Mossi juriyar wannan zazzaɓi. In marasa lafiyar sun fi fitowa daga ƙabila guda, lissafi zai nuna alaƙa, alhali asalinsu kawai ka auna.

Shi ya sa muka ɗauki gwajin TDT, lissafin da ke duba wane nau'i iyaye suka fi ba 'ya'yansu marasa lafiya, wanda Spielman, McGinnis da Ewens suka fitar a 1993 kan ciwon suga. Ɗauki ƙwayar gadon sikila: mahaifi mai AS, uwa ce ko uba, kwafi ɗaya zai ba ɗansa, ko A ko S, rabi da rabi. A ce cikin iyaye 100 masu AS, 30 suka ba yaron da ke kwance S, 70 suka ba shi A. Tazarar 40 ce. 40 sau 40 ya ba da 1,600, a raba da 100, 16 ke nan. A ƙa'idar wannan gwaji, abin da ya haura 3.84 da wuya ya zama dace, don haka 16 alama ce nau'in na da alaƙa da tsananin ciwon. Daɗin hanyar, kwafin da mahaifi bai bayar ba shi ne ma'aunin, don haka ƙabila ba ta shigowa. Tsadarta kuwa, mai AA ba ya ƙara komai, sai an tara gidaje da yawa.

Wahalar tana teburin rajista. Dattijo zai zo riƙe da hannun yaro a matsayin uba, alhali baffa ne, yaron riƙo yake. Jinin baffa na kusa da na uba, kwamfuta ba lallai ta kama ba. Sai muka koyi tambaya a hankali: "Baba, wace ce ta haife shi cikin iyalin? Mahaifinsa yana gida?" 'Yan uba ma kowa da mahaifiyarsa muke rubutawa.

In jinin uba da na ɗa suka ƙi haɗuwa, muna cire gidan daga lissafi, maganar ba ta fita ɗakin gwaji. Kwalba na iya musanyuwa, kuma ba don mu raba aure suka ba mu jininsu ba.