Na zare filashina, sawuna ya kwana a shago

Ranar Talata bayan La'asar ƙanina mai gyaran kwamfuta ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, in kana cikin gari ka biyo ta shago, akwai abin da zan gwada maka." Na ɗauka maganar kuɗin haya ce ta sake tasowa, don haka ban yi wani sauri ba. Sai da na gama shan shayina a Ƙofar Ƙaura sannan na tari ɗan acaɓa.

Ina shiga ya juyo mini da fuskar wata tsohuwar kwamfutar tebur. Ita da 'yar'uwarta ya sayo daga wani shagon buga takardu da ya rufe, wanda tsadar fetur ɗin janareta ta ƙarasa tun bayan cire tallafi a 2023. Ya buɗe wata folda, ya nuna da bakin sukundireba. Na duba, na ga an rubuta "Rabon gadon Baba na ƙarshe". Ya danna wani abu, sai ga sunan 'yata ya fito. Sunan da na raɗa wa filashina ke nan.

Jikina ya yi sanyi. Takardar nan ko matata ba ta san na rubuta ta ba.

Lokacin da laftof ɗina ta mutu, kusan shekara guda a wancan shagon da ya rufe nake aikina, kuma ina ganin na fi kowa wayo. A filashina akwai irin manhajojin nan na tafi-da-gidanka, waɗanda ba sai an girka su a kan kwamfuta ba: Firefox, da LibreOffice na rubutu, da wata 'yar ƙaramar mai buɗe PDF. Daga PortableApps na ɗauko su, aikin da John Haller ya faro a 2004 da Firefox ɗin da ke zama a filashi. In na soka, in yi aikina, in zare, in biya kuɗin awa, in tafi. Har a ɗakin malamai na sha cika baki cewa ni baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, rana na fitowa babu shi.

Gaskiya manhajojin sun cika nasu alkawarin. Tarihin shafukan da na shiga da kalmomin sirrina duk suna cikin filashin, ƙanina bai same su a kwamfutar ba. Abin da na kasa ganewa shi ne akwai maigida. Windows ce ke karɓar baƙo, ita ke ba shi wurin zama, kuma tana da littattafan da take rubuta wa ya zo, yaushe, me ya taɓa, ba tare da ta tambayi kowa ba.

Ɗaya bayan ɗaya ya buɗe mini su, yana jin daɗin yau shi ne malami. Inda ya ga sunan takardar gadon, folda ce mai suna Recent. Duk fayil ɗin da ka danna ka buɗe, Windows kan ajiye masa ɗan manuni a can. Manunin ba ya ɗauke da abin da ke cikin takardar, amma yana ɗauke da sunanta, da girmanta, da kwanan watanta, da sunan filashin da ta fito. A gidan da ake zaman doya da manja kan gonar gado, wannan sunan kaɗai ya isa a kwana ba a yi barci ba. Sannan ya shiga rajistar Windows, wani reshe da ake kira USBSTOR, inda kowane filashi da aka taɓa sokawa yake da layinsa: kamfaninsa, samfurinsa, lambarsa. Jerin ya yi tsawo kamar na masu karɓar taki. Ya koma foldar Prefetch, wadda aka yi don manhaja ta riƙa saurin buɗewa, amma tana riƙe da sunan manhajar, da sau nawa aka tashe ta, da lokuta takwas na ƙarshe da aka yi hakan. Wanda ya ba ni dariya duk da halin da nake ciki shi ne UserAssist. Can ma sunayen manhajoji ne, sai dai an gusa kowane harafi da gurbi 13, A ta koma N, B ta koma O. Irin zaurancen da muke yi muna firamare.

Duk wannan sawu ne kawai. Abin da ya fi tayar mini da hankali yana cikin foldar Downloads, ba a ma ɓoye ba: takardar NIN ɗina, cikakkiya, da hotona da adireshina da lambobin nan 11. Na tuna ranar. Daga imel na buɗe ta don a buga mini, ban kula ba ashe a kan kwamfutar shagon ta sauka, ba a filashi ba. Ta zauna nan wata da watanni, duk yaron da ya zo cike fom ɗin JAMB yana iya ganinta. Tun da aka haɗa NIN da layin waya a ƙarshen 2020, wannan takarda ba abin yarwa ba ce, kuma kowa a garin nan ya san wani da aka kira shi da cikakken sunansa aka ce daga banki ne.

Na fara zagin mai shagon, ƙanina ya tare ni. Ya ce, "Yaya, ka gode wa Allah ma. Da akwai manhajar da ke naɗe duk abin da aka buga a kan kibod, da kalmar sirrinka ta tafi tun ranar farko, filashi ba ya hana wannan." Yana da gaskiya. Na san akwai Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kuma a ganina duk mai karɓar takardun mutane bai kamata ya sayar da kwamfuta bai goge ta ba. Amma mutumin da bashi ya kora daga sana'a, goge faifai ne ƙarshen abin da zai tuna.

Na tambayi ƙanina ko akwai hanyar da ba a barin sawu. Ya ce akwai Tails, wadda ita ma a filashi take zama, sai dai ba ta bi ta kan Windows kwata-kwata: a kashe kwamfutar, a tashe ta daga filashin, in an gama ta manta komai. Na ce to wane mai shago ne a Katsina zai tsaya yana kallo ka kashe masa kwamfuta ka tashe ta da wani abu da bai sani ba? Ya yi dariya, ya ce ko shi ba zai yarda ba.

A gabana ya goge faifan biyun, gogewa mai bin ko'ina, wadda ta kai mu har bayan Isha'i. Filashin kuma na cire masa sunan yarinyar, takardun gida sun koma cikin wata taska da ya kulle mini da manhajar kulle bayanai ta VeraCrypt. In buga takarda ya kama yanzu, sai in tsaya a kan yaron shago har ya share a idona, ko da yana ta harara.

Muna rufe shago na tambaye shi kwamfuta nawa ne ma a wancan wurin. Ya ce bakwai. Biyu ya samu, sauran biyar wani ɗan kasuwa ya kwashe a mota ya yi hanyar Jibiya da su. Ni kuwa ban taɓa zaɓen kujera a wancan shagon ba, duk wadda na tarar babu kowa a kai nan nake zama.