Wa Ya Shafa wa Tuwo Baƙin Jini?

Tun da bidiyoyin rage ƙiba suka cika wayoyin mutane, tuwo ya shiga uku a nan Garwa ta ƙasar Kamaru. Ƙanwata ta ƙaurace masa, sai ƙwai da nama da ganye, wai duk abinci mai sitaci guba ne. Hajiyarmu ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, mu da aka yaye mu da kunu, da me muka kawo yanzu?"

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, da yamma kuma nakan zauna a injin niƙa na gidanmu, to ina kallon maganar ta fuska biyu.

Zargin ya daɗe, kuma ba a nan ya samo asali ba. Tun 1863 wani mutumin Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi a kan yadda ya rage teɓa da barin burodi da sukari da dankali. A 1972 wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya farfaɗo da zancen, ya bazu a duniya. Abin da ke saurin shawo kan mutane shi ne sikeli. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Ka bar sitaci, ajiyar nan ta ƙare, ruwan ya bi ta. Cikin mako guda sai ka ga ka sauka, ka rantse tuwo ne maƙiyinka, alhali yawancin abin da ya tafi fitsari ne.

Ba na cewa zargin ba shi da tushe. Sitaci yana narkewa ya zama gulukos, ya shiga jini, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa, ya tura shi inda za a ƙona shi. Inda gizo ke saƙar shi ne saurin shigar. A 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto ya fito da ma'aunin wannan saurin: farin burodi yana can sama, wake yana can ƙasa, ga shi kuwa dukansu sitaci ne.

A bakin inji nake ganin sauran bayanin. Mace za ta kawo masara ko dawa, ko muskuwari, dawar rani mai kyau daga wajen Marwa, ta ce, "Malam, a surfa min shi tas, ya fito fari ƙal." A surfa, a bushe, a niƙa luƙwi, ta je gida ta sake bi da rariya. Dusar da ta fita fa? A cikinta ɓawon da ke rage saurin narkewa yake, da bitamin B, da sinadarin ƙarfe. Buhu-buhu muke tara ta, masu kiwon ragunan Layya suna layi su saya. Ragon ya yi ɓul-ɓul, mu kuma mu tuƙa abin da ya rage.

Sai batun sukari, wanda ba mai son a taɓo shi. Dubi karin kumallon ma'aikaci a garin nan: dogon burodin nan irin na Faransa, fanke, shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, a kuma ƙara sukari a kai. Da rana farar shinkafa da lemon kwalba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan sukarin ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kamar giram 50 ga babba, in da hali ma giram 25, wajen cokalin shayi 6. Gwangwanin lemo guda yana ɗauke da kusan giram 35. Duk wannan ya wuce salin-alin, sai malmalar dare ce za ta ɗauki laifi. Man da ke iyo a kan miya ma ba a lissafa shi, bayan giram ɗinsa kalori 9 ne, na sitaci 4. Iyayenmu da suka ci tuwo safe da dare su ne suka yi daka da noma da ɗibar ruwa. Mu ko masallacin unguwa sai mun hau mashin.

Mai ciwon sukari kam dole ya kula, domin tuwon gari mai laushi yana ɗaga sukari, ko na dawa ne. Ya rage girman malmala, ya yawaita miyar kuɓewa ko zogale ko yakuwa, ya sa wake. Amma wanda ke shan magani ko allurar insulin kada ya yanke sitaci dare ɗaya don ya ga bidiyo, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Ya fara ganin likitansa.

Kuma tsakani da Allah, magidanci nawa ne a Garwa zai iya ciyar da gida da nama da ƙwai kullum? Rage surfe kuwa ko sisi ba ya ci. Tuwon zai yi duhu, yara za su tura baki, amma ya fi riƙe ciki.