Godiya bayan guguwa, musamman ga Baba mai gadi

Alhamdu lillahi. Jiya bayan la'asar kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, ɗakinmu na duban taurari ya sake samun rufi. Kwana 19 rabona da barcin kirki. Mutanen Gusau kun ga ɓarnar da idonku, ba sai na maimaita ba.

Da na isa wurin da asubar bayan guguwar, na ga kwanon rufin a gonar maƙwabta, ƙafata ta ƙi shiga. Madubin hangen nesan nan mai inci 8 kawai nake tunani. Bayan husufin ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka nufi akurki, muka fara adashen sayensa. Wasu da suka zuba kuɗin, yau suna ƙasa.

Sai ga Baba mai gadi ya fito daga zaure rungume da madubin a cikin bargonsa, hannu duk jini, kwano ya yanke shi. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Malam, ban goge ba. Ka ce ko yatsa kada ya taɓa fuskarsa." Sau ɗaya tak na taɓa faɗa masa cewa shafen alminiyon da ke kan madubin bai kai fatar albasa kauri ba, tsumma ma kankare shi yake yi. Shi kuwa a jiƙe ya kwana, da sanyin nan.

Baba, na san ba ka son a ambace ka, ka yafe mini. Allah ya suturta ka kamar yadda ka suturta amanarmu. Allah ya kai ka Makka, ya raya maka zuri'a, ya sa hannun nan ya karɓi littafinsa ta dama. Amin, amin.

Mai waldan bakin tasha da ya ƙi karɓar ko sisi, Inna mai ƙosai da ta ciyar da leburori kwana uku, 'yan sakandaren da suka kwashe taɓo da bokiti, Allah ya saka da aljanna. 'Yan uwana na jini da ke bayan layinmu kuwa, na san hidima ta yi yawa. Ko waya dai da ta wadatar.

Yammacin 29 ga wata muna nan duban jinjiri, in an gani mu kai wa hakimi ya isar da saƙo fadar Sarkin Musulmi. Ku zo da yara. Baba ne zai fara leƙawa, in an kwance masa ɗinki.