Mussar da babu wanda ya zaɓa

Ɓeraye ne suka tura ni neman kyanwa. Hatsi nake sayarwa, kuma a ɗakin ajiyar da ke zauren gidanmu a Runjin Sambo babu buhun gero ko na shinkafa da zai kwana bakwai ba a huda shi ba. Sau biyu na sa maganin ɓera. A na biyun kajin Inna uku suka tsattsaga suka mutu, daga ranar na yi alkawarin ba zan ƙara shigo da guba gidan da yara ke rarrafe ba.

Wani abokin cinikina a kasuwar Kara ne ya kwatanta mini gidan wata Hajiya a Mabera. Nan Sakkwato ba mu saba da gidajen da ake ginawa musamman don dabbobin da aka yasar ba, irin na Ingila ko Amurka, amma aikin da baiwar Allahn nan take yi ke nan da kuɗin aljihunta. Yara kan kawo mata 'yan kyanwa da aka tsinta cikin kwali a bola, wasu ma idonsu bai buɗe ba. Ta ciyar, ta yi magani, ta ba mai so kyauta. Ranar da na je na ƙirga goma sha ɗaya a tsakar gida.

Ni matashin muzuru nake so, mai ƙarfi. Ina cikin dubawa sai ta nuna mini wata baƙa, babba, mai ido ɗaya, kwance a gindin darbejiya.

“Ɗana, wagga mussa ta kusa shekara nan. Kowa ya zo ƙananan yake ɗauka. Wasu su ce baƙa aljana ce. Yara ne suka fasa mata ido da dutse.”

Na tsuguna na miƙa hannu. Ba ta gudu ba, ba ta kuma matso ba, ta dai sunsuna yatsuna. Ita na ɗauka. Kafin in fita Hajiya ta kafa mini sharaɗi: kada a kulle ta, kada ruwa ya yanke mata, in kuma na gaji in maido ta, kada in jefar. Ta tuna mini hadisin da ke Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Na san hadisin tun ina makarantar allo, amma ranar ne na ji nauyinsa a wuyana.

Kwana huɗu ta yi a ƙarƙashin gadon Inna, sai da dare take fitowa. Don tausayi na riƙa ba ta madarar shanu safe da yamma, sai ga zawo. Ta kwanta, ta ƙi ci. Wani maƙwabci ya ce in jiƙa mata rabin farasitamol. Allah ya sa na fara kiran Hajiya, ta ce in ajiye ƙwayar nan, in kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin da likitan ya koya mini ya fi kuɗin da na biya. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Madara kuwa, yawancin kyanwowi in sun girma cikinsu ba ya narkar da ita. Wanda ya fi girgiza ni shi ne albasa da tafarnuwa: suna lalata mata jini, ɗanyu ko dafaffu. Mu da babu miyar da za ta sauka a gidajenmu ba albasa, ragowar tuwo da miyar da muke tura wa kyanwa da sunan alheri ashe cutarwa ce. Nama take buƙata. Yanzu ina karɓo mata guntattaki wajen mahauta, a tafasa ba gishiri, wani lokaci da kifi. Aka ba ta maganin tsutsar ciki, da ta warware aka yi mata rigakafin ciwon haukan kare. Ya kuma ja kunnena cewa cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma daga nan ne 'yan kwalin da ake kai wa Hajiya suke fitowa.

Ɓerayen sun ragu cikin wata guda, buhunana sun huta. Wannan shi ne abin da na je nema, kuma na samu.

Wanda ban je nema ba ya shafi Inna. Tun rasuwar Baba magana ta yi mata wuya, takan wuni a ɗaki da carbi, a gaishe ta ta amsa da ka. A gidan, Inna ce mussar nan ta zaɓa. In Inna ta idar da sallar asuba, sai ta zo ta kwanta a gefen darduma, Inna na lazimi tana shafa bayanta. Wata safiya na jiyo Inna na yi mata faɗa a kan ta hau faifai, da irin muryar da take yi mana faɗa muna yara. Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba. Na daɗe ban ji muryar nan ba.

Uwargida ce ta ɗan damu da ta ga tana lasar ruwan alwala a kwano. Malamin zaurenmu ya karanta mana hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa, cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Hankalin kowa ya kwanta. Yarana ma sun canza. Babban, wanda da ba ya rabuwa da danƙo, shi ne yanzu ke hana yaran unguwa jifar kyanwowin bayan masallaci.

Bazarar bana, da zafi ya haura maki 40, sai mussar ta koma kwanciya a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Inna ta hana a kore ta. Kullum bayan azahar da kanta take fitowa, ta ɗebi moɗa biyu ta zuba a yashin, ta cika mata ƙoƙonta, sannan ta jawo tabarma ta zauna kusa da ita har la'asar.