Na ƙara wa katamaran ɗina tsawo, sai goshinsa ya sunkuya

Jirgina katamaran ne, wato jirgin ruwa mai ganga biyu (dogayen jiki biyu da ke iyo gefe da gefe), tsawonsa mita 11, kuma da iska yake tafiya. Abin da ya fara damuna ƙara ce. Duk lokacin da muka ɗauki hanya sai in ji ruwa na ɓulɓul a baya kamar tukunya ta tafasa. Rannan na leƙa, na ga gindin kowace ganga ya nutse kusan tafin hannu guda, ruwan yana murɗawa yana bin mu maimakon ya sake mu ya wuce. Ashe jan birki muke yi ba mu sani ba.

Shawarar da na yanke ita ce in ƙara wa kowace ganga santimita 80 ta baya. Hikimar a fili take: ganga doguwa siririya ta fi gajeruwa yanka ruwa, kuma ƙarin zai ɗaga gindin. Na sassaƙa soso mai tauri daidai da lanƙwasar gangar, na lulluɓe shi da zaren gilashi da gam ɗin efoksi. Wahalar ba a nan take ba. Tana wajen gugar samfefa, domin mahaɗar dole ta yi sumul, kuma gangunan biyu su zama tamkar tagwaye, in ba haka ba jirgin zai riƙa karkata gefe guda. Doguwar sanda mai lanƙwasuwa nake kwantarwa a jikin gangar, in haska tocila ta ƙasa. Duk inda haske ya ɓullo, akwai rami ke nan. Sati uku ina fama da wannan, ƙura har cikin kunne.

Da muka mayar da shi ruwa, ƙarar ta ɓace. Murna ta koma ciki da na lura goshin ya sunkuya. Gindin ya ƙara ƙarfin iyo, amma nauyin gaba yana nan inda yake. Sarƙar anga (ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi) mai kaurin milimita 10 tana kai fiye da kilo 2 a kowace mita, ni kuwa mita 70 na jibge can gaba. Na rage ta, na matso da ita tsakiya, sannan na shiga fitar da tarkace: tsofaffin batura, kayan gyaran da ban taɓa taɓawa ba, da jarkokin ruwa, alhali kowace lita kilo guda ce.

Abin haushin, saurin da wannan sharar ta ba ni bai gaza na sati ukun samfefa ba. Katamaran ba ya son lodi, siraran gangunansa nan da nan suke nutsewa. Da na fara da sauke kaya da kankare gansakuka, ƙila da santimita 40 ta ishe ni.

Tafiya kusa da inda iska ke fitowa kuwa, ƙarin bai gyara komai ba. Har yanzu yana zamewa gefe, saboda gajerun fikafikan da ke ƙarƙashinsa ne matsalar, su kuma ban taɓa su ba tukuna.